Yatsu Biyar a Ƙofar Al Rigga

Lokacin da Abdulmumin ya baro Maraɗi ya zo Dubai, tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga rami ce kawai. Yana cikin leburorin da suka yi dakon rodi a ƙarƙashin ƙasa har aka shimfiɗa layin jirgin. Shekara goma sha bakwai ke nan, ko cacar baki bai taɓa yi da kowa ba, don ya san garin: ka ɗaga wa mutum hannu, a sa ka a jirgin sama.

Ranar Talata da azahar ya fito da matarsa Suwaiba, za su sabunta biza. Sai ga motar kaya ta tare hanyar shiga tashar, direban yana jingine yana waya.

"Yalla, habibi, ba mu hanya," in ji Abdulmumin.

Direban ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaga hannu, ya ware masa yatsu biyar daidai fuska.

Daƙƙuwa! A Maraɗi wannan uwarka ce ƙarara. Ga shi kwana tara da binne tsohuwarsa, bai samu zuwa jana'iza ba.

Naushin farko ya fasa wa direban leɓe, wayar ta tarwatse a ƙasa. Na biyu ya zubar masa da haƙori. Abdulmumin ya shaƙo wuyan rigarsa yana gwara kansa da ƙofar motar, jini na bin farin fenti.

"Uwar wa? Na ce uwar wa?"

Suwaiba ta ruƙunƙume shi ta baya, ya watsar da ita, mayafinta ya faɗi.

"Baban Safiya, minti biyar ya ce! Hamsa! Ka jira shi minti biyar!"

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya san haka ake yi a nan, shi kansa ya sha yi wa mutane.

Direban ya sulale ƙasa yana tofar da jini, har yanzu yana ɗaga yatsun nan biyar, yana nuna wa jama'ar da ta taru.

Abdulmumin bai gudu ba. Ya zauna a bakin matakala, ya miƙa wa Suwaiba takardun bizar da makullin ɗaki.

"Ki ce wa Safiya ta fara haɗa kaya."

Yana jin jirgi na wucewa a ƙarƙashin ƙafarsa lokacin da 'yan sanda suka iso da ankwa.