Hular Malam Bakari

Sau uku Sabitu yana miƙa cokalin kunu, sau uku Hajja tana kau da kai. Ta ƙura masa idanunta da farar yana ta rufe, sannan ta tambayi ƙanwarsa Ruƙayyatu ko an ba baƙon nan abinci, don a gidanta ba a barin baƙo da yunwa.

"Hajja, Yaya ne fa. Ɗanki na fari."

"Wancan? Yana can inda yake," in ji Hajja. Ko da can ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kunyar ɗan fari. Amma da can ta san fuskarsa.

Jiya ya sauka Bauchi, bayan shekara goma sha tara. Yamai ya fara, ya zarce Wagadugu, daga nan wasu 'yan wasan daɓe suka tafi da shi Faransa. A can, a wasa ɗaya yakan fito mutum tara: mai ƙosai, ɗan sanda, likita, amarya, har jaki. Turawan da ba su san ko "sannu" ba sai su yi ta dariya suna share hawaye. Duk muryar da ya ji sau biyu ta zama tasa. Guda ɗaya ce ya rantse ba zai ƙara taɓawa ba.

Mahaifinsa, Malam Bakari, tela ne a kasuwar Wunti, mutum mai kamewa. Kafin ya yi magana sai ya gyara murya sau biyu, yana tafiya yana jan takalmin hagu, kuma ko ransa ya ɓaci abin da yake cewa shi ne, "To, madalla." Sabitu yana da shekara ashirin da biyu ya saci hularsa, ya hau dandamali da ita yana kwaikwayonsa. Wasa ya yi kyau, kyan da ya zama masifa. Washegari Malam bai wuce rumfa ɗaya ba sai an gyara murya sau biyu a bayansa. Da ya dawo gida bai yi faɗa ba. Ya karɓi hularsa, ya ce wanda ya mai da ubansa abin dariya ya nemi wani uban. Malam ya rasu shekara takwas da suka wuce, kuma sai bayan an dawo daga maƙabarta labari ya iske Sabitu.

Ruƙayyatu ta ja shi tsakar gida. Ta ce kwana huɗu ke nan Hajja ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Wai Malam bai dawo daga shago ba, ita kuwa shekara arba'in ba ta taɓa riga shi ci ba. Likita ya ce in yau ma ta ƙi, gobe za a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. Tana gama faɗa ta zaro abu daga cikin mayafinta. Hular ce, ta koɗe, har yanzu da lanƙwasar da Malam yake yi mata.

"Ba zan iya ba, Ruƙayya."

"Ka iya wa mutanen gari, Yaya. Ka iya wa Turawa. Uwarka ce ba za ka iya wa ba?"

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ya daɗe tsaye a zaure da hular a hannu, yana jin keke na wucewa ta Ƙofar Wambai, yana fata a ce ya manta muryar. Ashe tana nan, ko ƙura ba ta yi ba. Ya sa hular, ya ja ƙafar hagu, ya gyara murya sau biyu, ya yi sallama.

Kafin ya kai bakin ƙofa Hajja ta tashi zaune tana gyara ɗankwali. Ta yi masa sannu da zuwa, ta ce yau ya daɗe. Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ya kurɓi kunun, ya tura mata kwanon, ta karɓa da hannu biyu ta sha. Ruƙayyatu ta juya ga bango tana kuka ba sauti. Shi kuwa bai taɓa yin wasan da ya kai wannan kyau ba, bai kuma taɓa jin ya tsani kansa kamar yau ba.

Da ta kusa shanyewa sai ta ajiye kwanon.

"Malam, ina da magana. Na daɗe ina tsoron faɗa."

"Ina jinki."

"Yaron nan. Yarinta ce. Ni ma na yi dariya ranar da aka ba ni labari, Allah ya yafe mini. Ka ce ka yafe masa, ya dawo gida. Ina so in gan shi."

Shekara goma sha tara yana jiran wannan kalma daga wannan murya. Ya sha rubuta wasiƙa yana yagawa. Yanzu ga muryar a maƙogwaronsa, mai ita kuwa yana ƙasa, bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Ya san in ya furta, ƙarya ya yi wa mamaci. Ya dubi kunun da ya rage a kwanon.

Ya gyara murya sau biyu. Na biyun ba wasa ba ne.

"To, madalla. Na yafe masa."

"Yaushe zai iso?"

"Gobe, in Allah ya so."

Ta ɗauki kwanon ta shanye tas, har ta nemi ƙari.

A bayan ɗaki ya cire hular, ya wanke fuska a bakin randa. Ya ce a ransa, yanzu da ta ci, ta kuma ji an yafe, wataƙila ta gane shi. Ya koma ya yi sallama da muryarsa ta kansa, ya durƙusa daf da ita, inda hasken taga yake faɗa masa a fuska.

Hajja ta amsa da fara'a, ta dube shi da kyau. Sannan ta yafito Ruƙayyatu, ta rage murya don kada ya ji kunya.

"Ki ba bawan Allahn nan haƙuri, ya nemi wani masauki. Ɗakin da yake ciki na wancan ne. Gobe zai dawo."