Hanyar Mai Goyo

A shekarun da mahara kan sauko kwarin Tarka bisa raƙuma, tun Dakoro ba ta zama kasuwa ba, akwai wata 'yar tunga a gefen hanyar Birnin Lalle, gidaje kaɗan da rijiya guda. Bayan tungar wani jan dutse ne a tsaye, kuma can kusa da kansa akwai kogo mai faɗi. Jimrau ya san kogon tun yana yaro, don nan yake ɗebo zuma.

Rani ya yi nisa, guga ta fara fitowa da laka, ya zama dole maza su kora dabbobi kudu neman ruwa. Mata da tsofaffi ne za su zauna tsaron rumbuna. Bara war haka mahara sun faɗa wa wata tunga da ba maza a ciki, suka tafi da duk mai iya tafiya. Jimrau ya ƙudura cewa ba zai ɗaga ƙafa ba sai matarsa Aisa ta iya hawa kogon nan. Ita kuwa 'yar ƙasar rairayi ce, abu mafi tsawo da ta taɓa hawa shi ne rumbun ubanta. Ɗiyarsu Safi ko yaye ba a yi mata ba.

Hanyar da shi yake bi ta gabas ce, mai 'yan ƙananan mariƙai da sai dogon hannu ke kaiwa. Bai ma yi tunaninta ba. Ya yi ta zagaya dutsen har ya sami wata tsaga ta arewa, inda mutum ke jingina bayansa da bango ɗaya, ya tokare ƙafafu da ɗayan, ya yi ta murzawa sama. Ba a ganin ƙasa balle jiri ya kama mutum, kuma ba ta inda za a faɗo waje. Ya hau ya sauko, ya sake hawa ido rufe. Ransa ya kwanta.

Da hantsi ya kawo Aisa bakin tsagar.

“Ki jingina bayanki nan,” in ji shi, “ki sa ƙafa can.”

“Bayana?”

“Bayanki mana.”

Ta juya a hankali ta nuna masa bayan. Safi na barci a cikin goyo, kanta ya langaɓe gefe guda.

“Wagga fa, maigida? In murje ta da dutse, ko in aje wa mahara ita nan ƙasa?” Ta dubi ƙafafunsa. “Kuma wannan buɗe ƙafa da kake yi, da wando kake yin shi.”

Jimrau ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan suka koma gida.

Washegari ya karɓi tsohon zanenta ya ɗaura. Ya zaɓi kabewa cikin waɗanda suka ajiye tun kaka, mai nauyin yarinyar, Aisa ta goya masa ita da majanyi, ta ja ƙullin sosai yadda take yi wa kanta. A bakin rijiya ya gamu da taubashinsa Abarci yana ba jaki ruwa.

“Barka da arziki,” in ji Abarci. “Yaushe aka sauka? Ko goron suna ba mu gani ba.”

“Ba a gayyatar mayunwata.”

“Mace ko namiji?”

“Ban duba ba. Kan dai irin naka ne.”

Abarci ya bi shi da guɗa irin ta mata har ya ɓace bayan rumbuna.

Dutsen da ya sani tun ƙuruciya ya zama wani dabam. Zane bai barin taki ya wuce kamu biyu. Nauyin baya na janye mutum daga bango duk lokacin da ya miƙa hannu. Inda ya saba sunkuyawa ya wuce ƙarƙashin leɓen dutse, yanzu sai ya ji kabewa ta gogu. Kowace hanya ya gwada, in ya sauko yakan kwance goyon ya duba fatarta, in ya ga ƙarzuwa ya bar hanyar ke nan. A wata kusurwa ta kudu ya juya da sauri, kabewar ta bugi dutse ta tsage. Ya zauna nan yana kallon 'ya'yanta manne da jan dutsen har rana ta take. Aisa ta karɓi ragowar ta yi miya da ita, ta ɗauko masa wata.

A gefen yamma ya sami hanyar, da bin kashin awaki. Wata doguwar baranda ce da ta kwanta a jikin dutsen tana hawa a karkace, mutum na fuskantar bango yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan. Ta fi sauran nisa, amma ba inda ake buɗe ƙafa, ba inda baya ke taɓa komai. Wuri ɗaya ne kawai barandar ta yanke, kuma wani faifan dutse da ya maƙale a giɓin ya zama gada. Kabewar ta je ta dawo sumul.

Aisa ta fara hawa da kabewa, shi yana gaba. Ya koya mata ta ƙwanƙwasa duk dutsen da za ta riƙe, in ya yi amon ganga ta bar shi. Ya hana ta rungumar bango, ya ce ƙafa ke ɗaukar mutum, hannu rakiya yake. A kan gadar ta tsaya cik, goshinta manne da dutse.

“Kar ki dubi ƙasa.”

“Ka yi shiru, don Allah. Maganarka ta fi ramin ba ni tsoro.”

Ya tsaya can gaba yana jiranta. Can ta ja ƙafar hagu, ta bi ta da ta dama, ta ƙetare.

Ranar da ta hau da Safi, Jimrau ya bi bayansu hannu a shimfiɗe, bai taɓa su ba. A cikin kogon ta kwance yarinyar ta ba ta nono, tana duban hanyar da suka biyo.

“Ta yi sauƙi,” ta ce.

“Ai na gaya miki.”

“Ta yi sauƙi da yawa. In ni na hau da goyo, mai takobi fa?”

Wannan ma bai zo masa a rai ba. Suka koma gadar suka duba. Faifan dutsen a kan ɗan tudu yake zaune ta gefen kogo. Jimrau ya kawo tsohuwar taɓarya ya cusa ƙarƙashinsa, ya ce ta danna. Ta danna kaɗan, faifan ya motsa, tsakuwa ta zuba ƙasa.

“Bari haka,” in ji shi. “Ranar da maharan suka zo, in kowa ya ƙetare, ki danna duka, faifan ya faɗa ƙasa.”

“Sannan mu sauka ta ina?”

Igiyar gugarsa ta fata ce kaɗai mai tsawon da zai kai. Ya ɗaure ta a wani ƙahon dutse cikin kogon, ya ƙuƙƙulla ta don riƙo, ya bar ta nan. A kudu sai dai ya jira wasu su gama shayarwa ya roƙi aron tasu. Suka hau da tuluna da garin gero, Aisa ta gwada sauka da igiyar har tafin hannunta ya saɓule.

Da safiyar tafiya shanu suka yi gaba, Jimrau na can baya da 'yan maruƙa. Hanyar kudu ta bi ta gindin dutsen. A kan barandar ya ga Aisa da goyonta, mata biyu na biye da ita, ta ƙarshen tsohuwa ce tana jan gindi. Yana jin muryar Aisa tana ce wa ta tsakiya ta daina rungumar dutse. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu game da gadar, sai ya ga har ta ƙetare ta juyo tana miƙa wa ta bayanta hannu. Wani ɗan maraƙi ya ratse cikin sabara, ya bi shi ya koro shi hanya.