Tabarau Mai Duwatsu

"Ke ce matar Felix? Yana shagona, ba ya gani. Zo da sauri!"

Muryar mace ce, a wayar mijinta. Janet ta bar tuwo a kan wuta, ta danƙa wa maƙwabciya 'yarta Sarah, ta faɗa bas ɗin Sabon Gari da silifas wari da wari. Tun daga Samaru har Kwangila ba makanta ke cin ranta ba. Mutumin da ya ce mata zai je koyon waƙa a coci, me ya kai shi shagon mace?

Ta same shi zaune a kan benci cikin tulin robobi da bokitai, wandonsa ya yi kaca-kaca da ruwan kwata. Wata doguwar mata tana goge masa kumatu da hankici. A fuskarsa akwai baƙin tabarau na mata, gefensa jere da ƙananan duwatsu masu walƙiya. Kwalar farar rigarsa kuwa duk ɗigon rawaya, sak kurkur ɗin da 'yammata ke shafawa.

"Baban Sarah, nan ne cocin?"

Ya juyo, amma sai ya fuskanci wata mai tallan ayaba. "Maman Sarah? Ke ce?"

"Au, yau har ka manta kamannina?"

"Madam, sannu, ni ce Bibiana," in ji doguwar da Hausarta ta kasuwa. "Ya fito asibitin ido can, ya taka kwata, ya faɗi kan kayana."

"Na gode. Cire hannunki daga fuskarsa."

Felix ya lalubo gefen zanenta ya riƙe. Magana ta riƙa zubo masa. Ya daɗe ba ya ganin abin da shi kansa ya rubuta a allon ajinsa. Likita ya ce fatar gaban idonsa ce ta yi siriri ta turo waje kamar tsinin ƙwai, tabarau ba zai gyara ba, sai wani ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙwayar idon. Yau aka gwada masa. An ɗiga masa magani mai kashe zafi, an sa mai rawaya don a ga zaman gilashin, sannan aka ƙara wani da ke buɗe ido don a duba can ciki.

"An ce sai yamma zai sake ni, kada in fita rana, kada in murza. Ni kuma na ga kamar zan iya."

"Rawayar magani ce ke nan?" Janet ta shinshina kwalar. Babu turare. Hakan bai sanyaya mata rai ba. "To me ya hana ka gaya mini?"

"Kin cika tashin hankali."

"Ai yanzu ka kwantar mini da shi."

Ta fizge tabaraun. Felix ya yi ƙara ya dunƙule, hawaye na kwarara. Kafin ya rufe ido ta gani: baƙin ya buɗe ya cinye kusan duka, farin ya yi jawur kamar gauta. Ya kai hannu zai murza, ta buge hannun.

"An ce kada ka murza!"

Ta kwance ɗankwalinta ta yafa masa a ka har fuska. Mijinta ne, in ma rufe ido ne, da kayanta za a rufe. Sannan ta miƙa wa Bibiana tabaraun da yatsu biyu, kamar mai riƙe mataccen ɓera.

"Ga abinki. Allah ya saka."

Bibiana ta ɗaga kafaɗa. "Ba nawa ba, Madam. Da shi ya zo."

Hannun da ke riƙe da zanen Janet ya saki a hankali.

"Baban Sarah," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "asibitin ne ke raba mai duwatsu?"



Sai ga Keke mai ƙafa uku ya ci birki a bakin shagon. Wata budurwa ta leƙo, gajeriya, mai kitson zare, tana kare rana da tafin hannu, alamar maƙalin tabarau kwance a karan hancinta.

"Feli! Ban ce ka jira ni a ciki ba? Taso, na samo mana Keke."

Idonta ya sauka a kan abin da ke hannun Janet. Ta yi murmushi, ta miƙo hannu.

"Yawwa, Anti, nawa ne. Ke ce mai shagon?"