Gaisuwar Ranar Litinin

Matar ta cire silifas ɗinta a bakin ƙofa, ta jera su gefe guda kafin ta shigo. Abin da Afra'u ta fara lura da shi ke nan, domin babu mai cire takalmi a ofishin nan. Ko manoman da ke zuwa daga Obi da laka a ƙafa, haka suke takowa har gaban teburin shugaban ofishin, Oga Martin. Sai da ta ɗaga ido daga ƙafafun zuwa baƙin zani da baƙin ɗankwali sannan ta gane ta. Ngunan ce, matar Torkula, rungume da wata babbar ambulan a ƙirji. Ranar Litinin ce, kuma Afra'u ta san abin da ke faruwa kowace Litinin.

Ofishin na wata ƙaramar ƙungiya ce mai taimakon manoman doya da riɗi, ɗaki biyu da falo a wani gidan haya cikin Lafiya. Afra'u ta karanta kwamfuta a jami'a, a nan ta yi bautar ƙasa, da ta gama aka riƙe ta. Ba mai magana ba ce. A taro takan zauna kusa da taga, idan aka tambaye ta abu sai muryarta ta maƙale. Amma ita ce ta kawo musu wiki, wato shafukan intanet na cikin gida, inda kowane jami'in gona yake da nasa shafin da zai buɗe ya rubuta abin da ya gani a ƙauyukansa. Da ta ga ba sa rubutawa, ita kuma ba za ta iya bin manyan mutane tana yi musu tuni ba, sai ta ɗora wa injin da ke riƙe da wikin wannan aiki. Kowace Litinin da safe yakan duba shafukan, wanda bai taɓa nasa ba ya tura masa imel. Injin ba a Lafiya yake ba, haya suka yi a ƙasar waje, saboda haka ko Nepa ta ɗauke wuta, ko janareta ya ƙi tashi, ba ya fashi. Wannan ne abin da ta fi alfahari da shi a zuciyarta.

Saƙon farko da ta rubuta layi biyu ne cikin Turanci, babu sallama babu komai. Torkula, jami'in da ke kula da yankin Keana, shi ne ya shigo da takardar yana kaɗa ta a iska. Shi Tibi ne, ita Bafulatana, don haka tun ranar da ta zo ya ɗauke ta abokiyar wasa.

"Injiniya, wannan abin naki ba shi da tarbiyya," in ji shi. "Ko shanunku ai kuna gaishe su da safe. Ni ban kai saniya ba?"

Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi tata cikin mayafi. Amma maganar ta shige ta. A garin da ko tambayar hanya ba a yi sai an tambayi gida da gajiya, ta ga lallai saƙon nata ya yi tsirara. A ranar ta zauna ta yi masa riga. Ta saka gaisuwa da Hausa a sama, kuma da yake ta lura babu wanda ke motsi sai ya ji sunan shugaba, ta nemi izinin Oga Martin ta sa sunansa a ƙasa. Ya ɗaga hannu ya ce ta yi yadda ta ga dama, shi da ko akwatin imel ɗinsa ba ya buɗewa. Ta kwaikwayi maganarsa tsaf. Oga Martin ba ya ce wa ma'aikaci ya yaranka, sai dai ya yarana, kamar shi ya haifi 'ya'yan kowa. Haka ta rubuta: Barka da warhaka. Ya gida, ya yarana? Ina tuna ku kullum. Sannan maganar aiki ta biyo. Ta tsara shi hawa-hawa, makon farko da laushi, na biyu da ɗan zafi, na uku kuwa yana cewa an kai ƙarar mutum babban ofis a Abuja a kan ya bar bakin aikinsa. Wannan na ƙarshen barazana ce kawai. Ba ta haɗa injin da kowa a Abuja ba.

Torkula ya ji daɗin sabon saƙon, ya ce yanzu injin ya yi hankali. Shi ba shi da imel, kuma inda yake aiki ko waya sai an hau tudu take shiga, don haka adireshin matarsa ya bayar. Ngunan tana buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Ita ce ke buɗewa ta fitar masa a takarda, idan ya dawo ƙarshen mako ya zauna a shagon nata ya cika shafinsa.

A farkon damina wata tirela ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar dawowa daga Keana. Aka kai gawar asibiti aka ajiye, domin mutanensa ba sa gaggawar binnewa, sai dangi sun taru an tsayar da rana. Duk ofis suka tafi gaisuwa gidansa a Azuba. Oga Martin ya ɗora ƙaramar 'yar marigayin a cinya yana kuka kamar ba shugaba ba. Afra'u ta zauna a ƙarshen benci, ta ce Allah ya ba da haƙuri da muryar da ita kanta ba ta ji ba.

Ba mantawa ta yi ba. Da ma mantawa ce, da abin ya zo mata da sauƙi. Washegari ta buɗe wiki don ta cire sunansa. Shafinsa ya bayyana, da rubutunsa na ƙarshe a kan ruwan da ya yi wuri a Keana, a ƙasa ya ƙara cewa a gaya wa Injiniya shanunta sun cinye masa kunya biyu na doya. Ta danna inda ake gogewa, injin ya tambaye ta ko ta tabbata. Mutumin ko binne shi ba a yi ba. Ta rufe shafin, ta ce gobe. Ta gaya wa kanta babu mai buɗe imel a gidan makoki. Goben nan ce ta yi ta matsawa har aka shiga wani watan.

Yanzu ga Ngunan a tsakiyar falo, ƙafa ba takalmi. Oga Martin ya fito da sauri ya jawo mata kujera, ya tambayi yara, ya tambayi ko an tsayar da rana. Ta ce an tsayar, Asabar ta sama. Ta zauna a bakin kujerar kamar wadda ta zo neman aiki. Teburin Afra'u yana nan cikin falon, ba inda za ta ɓuya. Ta gaishe ta, ta mayar da ido kan allon kwamfuta, ba ta ganin komai a kai.

Ngunan ta fara da godiya. Ta ce ta koma shago ne don zaman gida ya ishe ta, ta buɗe akwatinta ta tarar da saƙon Oga Martin. Da ta ga an rubuta Torkula a sama ba ta yi mamaki ba, ita ma haka ake kiranta a coci, kuma ta fahimci abu ne da Oga ba zai iya faɗa mata ido da ido ba shi ya sa ya rubuto. Ta san aikin ofis yana da ƙa'ida, ba ya tsayawa don an yi mutuwa. Ta ba shi amsa har sau biyu, shiru. Afra'u ta runtse ido. Amsoshin suna can a wani akwati da ba wanda ke dubawa, ita ta tsara shi haka.

Sai Ngunan ta buɗe ambulan ɗin. Wayar mijinta ta tsira daga hatsarin, gilashinta kawai ya tsage. A ciki ta samu lambobin shugabannin manoman Keana, ta yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya gama yi mata ta'aziyya, wani har da kuka, sannan ta tambaye shi yawan abin da aka shuka da wanda ruwa ya ci. Ta buga duka a shago, ta bi tsarin da ta saba ganin mijinta yana bi. Ta ce a yi haƙuri idan akwai kuskure, ita ba ta karanta aikin gona ba.

Oga Martin ya sa tabarau ya karɓi takardun. A saman rahoton akwai saƙonnin nan uku, an fitar da su a takarda, sunansa a ƙasan kowanne. Ya karanta na farko, ya karanta na uku, ya sake komawa na farko. Afra'u ta ga lokacin da ya gane. Bai dube ta ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan ya daka mata tsawa. Ya cire tabarau ya goge fuska, ya ce laifinsa ne, Madam ta yafe masa, bai kamata ya dame ta a irin wannan lokaci ba.

Da nan aka tsaya, da Afra'u ta tsira. Ya rufa mata asiri, abin da ya rage kawai ta ci gaba da kallon allo. Amma Ngunan ta zame daga kujera ta durƙusa a kan simintin.

"Oga, abu ɗaya na zo roƙo. Ka rubuta wa Abuja. Ka gaya musu mijina bai gudu daga aiki ba. A kan aiki ya mutu. Kar a binne shi da wannan suna."

Oga Martin ya yi ta cewa ta tashi, ta ƙi. Ta ce ƙanin mijinta ya ga takardar, magana ta fara yawo a dangi cewa ofis ya kori Torkula kafin ya mutu. Abin da ba ya barinta ta ci abinci ke nan. Amma ta ce gaisuwar ta riƙe ta. Kowace Litinin takan kai takardar gida ta ninke ƙasan, ta karanta wa yara saman, su ji cewa ogan babansu yana tambayarsu.

Afra'u ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kujerarta ta yi ƙara a kan siminti, su biyun suka juyo. Ta zagayo ta durƙusa ita ma, ɗan nesa da matar, domin ba za ta iya faɗin wannan magana a tsaye ba.

"Anti, ba Oga ba ne. Ni ce."

Sauran ya fito a guntu-guntu, idonta a ƙasa. Ta ce inji ne ke turawa da kansa, duk wanda bai cika shafinsa ba haka yake samu. Ita ta rubuta, ita ta sa sunan Oga, ita ce ya kamata ta cire sunan marigayi ta kasa. Babu takardar da ta je Abuja, babu wanda ya san da maganar a can, ƙarya ce ta ƙirƙira don mutane su ji tsoro su yi rubutu. Sunan Torkula bai taɓu ba. Oga Martin ya ƙara da cewa ranar Asabar shi da kansa zai tsaya gaban dangi ya faɗi irin ma'aikacin da Torkula yake.

Ngunan ta ɗago ta dubi Afra'u. Kafaɗunta sun ɗan sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu. Afra'u ta jira zagi, ta ma so a zage ta. Matar ta miƙa hannu ta ɗauko takardar farko daga kan tebur, wadda layin ninki ya raba biyu, ta duba saman.

"Har da ya yarana?" ta tambaya a hankali.

Afra'u ta gyaɗa kai.

"Kowa ana rubuta masa haka?"

Ta sake gyaɗa kai. Oga Martin ya buɗe baki, ya ce ai da gaske yana tuna su, Allah ya sani, amma maganar ta faɗi a tsakiyar ɗakin ba wanda ya ɗauka. Ya ce bari ya kawo mata ruwa mai sanyi, ya shige ciki da sauri fiye da yadda ruwa ke bukata.

Akwai sauran abu ɗaya da Afra'u ba ta faɗa ba. Litinin ce. Tun da safe injin ya yi aikinsa, wani sabon saƙo yana can yana jiran matar a shago, da gaisuwarsa da barazanarsa, kuma babu yadda za a dawo da shi. Ta shirya kalmomin a baki, ta ɗago.

Ngunan ta riga ta miƙe. Ta tattara rahoton ta daidaita gefensa a kan tebur, ta ajiye a tsakiya inda za a gani. Saƙonnin uku kuwa ta ɗora su a gaban kwamfutar Afra'u, ninkakken a sama. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta taka zuwa ƙofa, ta zura silifas ɗinta ɗaya bayan ɗaya tana dafe da bango. Afra'u tana nan durƙushe ta ji ƙarar firij ana rufewa a ciki. Kafin Oga Martin ya fito da ruwan, matar ta jawo ƙofar a hankali ta yadda ko ƙara ba ta yi ba.