Ranar da Datsun ɗin Na'Allah Ta Tafi Gusau

Ina tsakar surfen gero na ji ana dukan dangar da ke tsakaninmu da gidan Baba Na'Allah har karan yana zubowa. Na ɗaga kai, sai ga matarsa Inna Tani, ko ɗankwali babu a kanta.

"Saliha, taho ki gani. Malam ba shi iya numfashi."

Na yar da taɓarya na bi ta kafar dangar. Na iske shi zaune a tabarma ya jingina da rumbu, baki buɗe, ƙirjinsa yana fito kamar buta a kan wuta. Ya ɗaga mini hannu wai ba komai, amma leɓensa ya riga ya yi fari. Inna Tani ta ce asibitin Shinkafi za a kai shi yanzun nan. Tana rufe baki muka juya tare muka dubi gindin durumin ƙofar gida ta zaure, inda motarsa take kwana. Ba komai a wurin sai sawun taya. Motar tana Gusau, kuma maigidana ne ya tafi da ita tun jiya.

Kowa a Katuru ya san motar nan. Akori-kura ce, Datsun, fara a da, yanzu kuwa launin ƙasar garinmu. Baba Na'Allah ya saye ta a Ƙaura wajen wani dillalin gyaɗa tun zamanin da jirgin ƙasa yake cika da kaya, ni lokacin ko aure ban yi ba. Ta ɗauki auduga, ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, ta dawo da gawarwakin mutanenmu daga asibiti. Ni kaina a bayanta aka kwantar da ni ranar haihuwata ta fari. In ka ji shi yana ba da labarinta sai ka rantse a gabansa aka ƙera ta. Yakan ce da mutanen Jafan suka fara aiko motocinsu, direbobin Fijo da Landiroba dariya suka riƙa yi, suna cewa gwangwani ne, rana ɗaya za ta narke. To ina Landirobobin? Duk kaji na ƙwai a cikinsu. Yakan ce makanikan Ƙaura ba sa gaishe shi da fara'a, don ba ya kai musu aiki. Ruwa, baƙin mai, da haƙuri a wajen yashi, iyakar abin da take nema ke nan.

Rigima ta faro ne da Alhaji Dalhatu ya sayo sabuwar bas, Nissan, bayan an ba mu jiha. Shi ya zo wa majalisa da labarin cewa kamfani ɗaya ne ya yi su biyun, kuma kamfanin da kansa ya daɗe da ajiye sunan Datsun. Shi ke nan, maza suka sami abin yi. Ku dai kun san maza in suka ƙoshi suka zauna gindin itace. Wai ko masu ita sun sallama ta, saura Na'Allah. Wai ta zama kaka, a bar ta ta yi tasbihi. Mai babbar murya a cikinsu kuwa maigidana ne, Jibrin, wanda tsohon nan ya koya wa tuƙi da hannunsa. Ba da ƙeta yake yi ba, wasa ne irin na ɗa da uba, kuma in ya shigo gida ya maimaita mini, ni ma dariya nake yi.

Da aka sa ranar ƙaddamar da Shari'a a Gusau, garin nan ya rikice. Duk namijin da ke iya tsayuwa da ƙafarsa ya ce da shi za a yi. Bas ɗin Alhaji ta cika tun ba a je ko'ina ba, masu babura suka yi goyon bibbiyu. Saura mutane tuli, sai aka dubi akori-kura. Baba Na'Allah yana fama da tari a kwanakin, ya ce shi ba zai iya dogon tuƙi ba. Nan wani ya ce ai gara haka, don da wannan lodin ko Ƙaura ba za ta gani ba. Aka kwashe da dariya. Tsohon ya shiga gida ya fito da makulli ya danƙa wa maigidana a gaban kowa, ya ce a loda mata duk wanda ya rage, in bas ta riga ta isa Gusau a canza masa suna. Da kabbara suka tafi, mutane har saman ƙarfen baya. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa an bar gari da tsofaffi da mata masu ciki babu ko taya ɗaya.

To ga mu yanzu. Na zari mayafi na fita, ni da ban taɓa taka titi da rana tsaka ba tun da aka kawo ni. Garin ya yi tsit, sai awaki. Na je shagon mai kyamis, a garƙame. Na je gidan mai babur na bakin kasuwa, matarsa ta ce ai shi ma yana can. Na bi gida gida ina sallama, duk inda na shiga sai a ce, "A'a, ina motar Na'Allah?" Sai in ce tana Gusau. Sai a ce wa ya ja ta? Wallahi na gwammace a mare ni da wannan tambaya.

A bayan gari na ci karo da Hammadu, Bafulatanin da ke kiwon shanun unguwarmu, yana tafe da amalanken shanu cike da dammunan gero. Ban gama magana ba ya fara watsar da dammunan a gefen hanya. Ya ce in muka kai bakin babban titi ba za a rasa mota ba.

Mun shimfiɗa katifa a amalanken, Hammadu ya ɗauki tsohon cak ya ɗora shi. Inna Tani ta yafa mayafi ta hau ta tallafe shi a zaune, don in ya kwanta numfashin yana ɗaukewa. Ni na biyo su a ƙasa da butar ruwa da mafici. Shanun suna tafiya irin tasu, ba abin da ya dame su. Hanyar da motarsa ke cinyewa kafin ka gama cin goro, ita ce muke ja kamar ba za ta ƙare ba. Dawa a tsaye hagu da dama, rana ta take. Ina kallon sawun tayar jiya a cikin yashi, muna bi ta kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna Tani. Da ta zage ni, da ta ce mijinki ya kashe mini miji, da na sami abin riƙewa. Ko kallon banza ba ta yi mini ba. Sai ma cewa take yi in yi hankali da ƙaya, in hau in huta. Na ƙi hawa. Da wane ido zan zauna kusa da ita?

Da muka zo wani kwari mai yashi shanun suka tsaya, Hammadu yana yi musu magana da Fulatanci. Baba Na'Allah ya buɗe ido ya ce masa, da ƙyar, ya sa giya ta biyu kada ya taka da ƙarfi. Hammadu ya yi dariya yana share ido da hannun riga. Sai tsohon ya juyo ya neme ni.

"Ɗiyata, Jibrin ya duba ruwa kahin su tashi?"

"Ya duba, Baba. Ni na miƙa mishi jarkar."

"Baƙin mai fa?"

"Shi ma ya duba."

Ya lumshe ido. "To ta kai."

Na zaci barci ne ya ɗauke shi. Can ya sake magana, sai da na kara kunnena.

"Ki ce mishi ba roƙona ya yi ba. Ni na ba shi."

Na ce ai da bakinsa zai gaya masa.

Mun hango bakin titi, har muna ganin walƙiyar kwalta. Wata babbar mota ta wuce ta nufi kudu, maƙil da mutane da tutoci, Hammadu ya ruga yana ɗaga sanda, ko ganinsa ba su yi ba. Kafin ya dawo Inna Tani ta fara laƙƙana wa mijinta kalmar shahada. Ya karɓa sau ɗaya a fili. Ƙarar ƙirjin nan da muke ji tun daga gida ta tsaya. Ta shafe masa ido, ta cire mayafinta ta rufe shi, ta ce da Hammadu ya juya shanun.

Kafin la'asar aka yi masa sutura. Na tsaya a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure lokacin da aka fito da makara. Mutumin da babu gidan da bai yi wa ɗaukar gawa ba a garin nan, sahu ɗaya bai cika a sallarsa ba. Tsohon liman, makahon ladan, dattawan da gwiwa ta hana su tafiya, sai Hammadu da 'yan'uwansa da ya kirawo daga ruga. Su suka haƙa kabarin, su suka ɗauki makarar, don dattawan ba su da ƙarfin kafaɗa. Na koma ciki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar mahaifina.

Washegari da hantsi muna zaune da Inna Tani a ɗakinta, mata sun cika tsakar gida, sai muka ji odar mota daga nesa. Ba wanda bai san kukan odar nan ba. Ana danna ta ba ƙaƙƙautawa, ana kabbara, yara suka kwasa da gudu suna ihu. Inna Tani ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ni na tashi na nufi zaure.

Akori-kurar ta shigo unguwa da lodinta cif, ba wanda ya ragu, maigidana ya fito da kai ta taga tun daga kwana yana kwala kira.

"Ina Baba? A hito da Baba! Mun riga bas isa, mun riga ta dawowa! Ko tari ba ta yi ba!"

Na bayan motar suna tafi suna kiran sunan Na'Allah. Sai da ya kawo gindin durumi ya ga tabarmi a shimfiɗe, ya ga dattawa a jere da carbi, ya ga buta da tiren dabino. Tafin ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya. Liman ya ɗaga kai ya ce, "Jibrin, kashe motar."

Ya kashe. Ba wanda ya sauko. Manyan maza da gemunansu suna tsaye a bayan akori-kura kamar an dasa su, kowa yana kallon ƙafarsa. Liman ya gaya musu yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba, har amalanken. Da ya zo wurin amalanken na ga wanda ya ce ba za ta ga Ƙaura ba ya rufe fuska da hula. Daga nan suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka nufi maƙabarta a ƙasa.

Da azahar maigidana ya shigo gida. Na ajiye masa ruwa bai taɓa ba. Ya tambaye ni ko da mota a gari da an kai. Na ce rai na Allah ne. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Na ce da an kai. Ban iya yi masa ƙarya ba, kuma ina jin da na yi ma ba zai yarda ba. Sannan na isar masa da saƙon, kamar yadda aka ba ni: ba roƙonsa ka yi ba, shi ya ba ka.

"Shi ya ba ni," in ji shi. "Amma wa ya sa shi?"

Ya leƙa ta danga ya yi wa Inna Tani gaisuwa. Ta amsa daga cikin ɗaki ta ce, "Jibrin, kun dawo lahiya? Ta ba ka wahala?" Ya ce a'a, Inna. Ta ce to madalla, da ya ji daɗi. Na ga ya dafa dangar da hannu biyu.

Da rana ta yi sanyi, masu gaisuwa sun tafi masallaci, na leƙa ta zaure na gan shi gindin durumi yana kwance wani ƙunshi na tsohuwar jarida. Madubi ne na gefen direba, sabo fil. Ashe a cikin cunkoson nan na Gusau sai da ya ratsa kasuwa ya nemo shi, don na motar ya daɗe da tsagewa, ya so ya ba tsohon na ban haƙuri. Ya cire tsohon madubin a hankali ya ɗaura sabon. Ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya miƙa hannu ta taga ya daidaita shi. Sai ya tsaya. Baba Na'Allah gajere ne, da ƙyar kansa ke wuce sitiyari. Na ga maigidana ya zame ƙasa a kujerar, ya ƙara zamewa, sannan ya sake miƙa hannu ya sunkuyar da madubin kaɗan.