Sitiyarin Senaida

"Ba wannan notin ba, Direba, na bayansa! Ashe haka kika yi ta yawo da 'ya'yan mutane ba ki san hagu da dama ba?"

Ina kwance ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar maƙwabcina Eloy, jan man sitiyari yana ɗiga mini a goshi, shi kuwa yana kan kujerar roba da tulun iskar numfashinsa a gefe, sai ba da umarni yake kamar mai gareji. Na ce in ya ƙara ko kalma ɗaya zan fito in bar masa kayansa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi ƙarewa har na ajiye sifana ina saurare.

Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nasu. Bas ɗin makaranta na tuƙa har na yi ritaya, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana Eufemia ba. Huhunsa kuwa ramin haƙar ma'adinai ya cinye tun yana da ƙarfinsa, kuma a bazarar nan likitan garin Española ya daina canza masa magani. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi.

Akwatin sitiyarin motar ya yi shekaru yana yoyo. Kullum da safe Eloy zai ɗaga bonet ya ƙara mai kafin matarsa Senaida ta sauke kofi, ita ba ta ma sani ba. In man ya ƙare, sitiyarin nan ƙato ma sai ya yi gumi kafin ya juya shi, balle Senaida da sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu. Ɗansu Gilberto da ke birnin Denver ya riga ya yanke magana: ranar da uban ya tafi, uwar za ta koma wurinsa, don tsohuwar da ba ta da mota ba ta iya zama a kwarin nan. Kanti da nisa, asibiti da nisa, coci ma sai an gangara. Senaida kuwa a nan aka haife ta, a nan iyayenta suke kwance.

"Ka nuna mata inda ake zuba man mana," na ce masa ranar da ya kira ni.

"Za ta manta. Ranar da ya ƙare mata a kwanar gada fa, wa zai juya mata? Ke?"

Shi ya sa muka ciro tsohon akwatin muka ɗora gyararre. Da aka zo haɗa sandar sitiyari da akwatin, sai ya ce in matsa. Na hana shi, ya ƙi ji. Ya sauko kan kwali da robar iska a hanci, hannunsa na rawa, ya daɗe a wurin. Na juya baya ina goge kayan aiki, don raina ya ɓaci kuma ba na so ya ga idona.

Saura fitar da iskar da ta shiga tiyon man sitiyarin. Tayoyin gaba suna sama a kan jak, sai wani ya yi ta juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wani kuma yana duban mai har kumfa ya daina tasowa. Eloy ya ƙwala kira.

"Tsohuwa! Fito ki kai ni unguwa."

Senaida ta fito tana goge hannu a riga. "Wace unguwa, mota tana rataye kamar naman yanka?"

"Ke dai shiga."

Muka tallafe shi ya hau kujerar fasinja, tulun a tsakanin ƙafafunsa. Ta zauna a mazaunin direba. Ni ina gaban bonet da galan ɗin mai.

"Yi hagu," ya ce. "Duka. Yawwa, mun wuce coci ke nan. Yanzu dama, mu hau hanyar dutse."

"Dutse za mu?"

"Itacen hunturu zai saro kansa ne? A hankali, ga ramin nan da kika faɗa da mu shekarar da kike da cikin Gilberto."

"Ƙarya kake, kai ne a kan sitiyari ranar!"

"To ai ke kike mini surutu."

Haka suka yi ta tafiya mota ba ta motsa ba. Ya nuna mata inda suka taɓa shimfiɗa bargo suka ci wake da jan barkono, da inda barewa ta tsaya tana kallonsu, da rafin da ya ce ruwansa ya fi na ko'ina sanyi. Tayoyi suna juyawa hagu da dama a cikin iska. Kumfa ya daina tasowa tun tuni, amma na ci gaba da leƙen man.

"Mun iso?" ta tambaye shi.

Ya rufe ido. "Saura kaɗan. Kada ki yi sauri."

Bai ƙara fitowa waje ba bayan ranar. Wata safiya ina shanya kaya sai ga Senaida a bakin shinge, kanta ba ɗankwali.

"Femia, zo ki taya ni. Ya tafi."

Motar tana nan a kan jak har aka binne shi. Ban iya ko kallon motar ba. Na yi kewar tsiyarsa fiye da yadda na zata, har na riƙa jin kamar zai ƙwala mini kira daga bayan shinge.

Kashegarin jana'iza Gilberto ya fara ɗaure kwalaye. Yaron kirki ne, tsoro ne kawai ya cika shi.

"Mama, ki duba hannunki. Ko murfin kwalba ba kya iya buɗewa. Goggo Femia, ki gaya mata gaskiya."

 Ni Senaida ta kalla. "Sauke mini motar nan."

Na sauke. Ta sa ɗanta a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Ta yi ribas ta fita ta ƙuntatacciyar ƙofar shingen ba ta taɓa ko ƙusa ba, ta gangara, ta sha kwanar gada da yatsunta lanƙwasassu kamar mai juya faranti. Gilberto ya dafe gaban mota da hannu biyu. Da muka hau miƙaƙƙiyar hanya ya sauke hannun, ya juya fuskarsa yana share hanci. Bai ƙara maganar kwalaye ba.

A miƙaƙƙiyar hanyar ne na lura da abin. Mota tana tafiya sak, amma sitiyarin a karkace yake zuwa dama. Eloy ya kuskure saitin sandar, ga ido ya yi rauni, ga hannu na rawa.

Na bari sai da Gilberto ya koma Denver shi kaɗai, sannan na je da sifana.

"Aikin minti kaɗan ne, Senaida. Bai zaunar da shi daidai ba."

"Na gani."

"To ɗaga mini bonet."

"Bar shi, Femia." Ta ɗora tafin hannunta a kan sitiyarin. "Abin da ya taɓa na ƙarshe ke nan."

Na mayar da sifanar aljihu. Ta tayar da mota za ta kanti, ta tambaye ni ko ina son wani abu, na ce gishiri. Na tsaya a bakin hanya ina kallonta ta gilashin baya, 'yar ƙarama a bayan sitiyari, tana tafiya a tsakiyar layinta, hannayenta biyu sun ɗan karkata wajen kujerar da ba kowa.