Zaren Kaset a Gonar Dabo

Shekarar da tsuntsaye suka addabi shinkafar yankin Watari, Dabo ya tarar an zagaye gonarsa da zaren kaset. Nan take ya gane na kwalin tsofaffin kaset ɗinsa ne, iyakar abin da ya rage daga shagon marigayi Mati na Bici, inda a da samari suke cincirindon jin sabuwar waƙa.

"Uban wa ya taɓa min kaya?"

Babban ɗansa Khalilu ko ɗagowa bai yi ba. "Baba, waƙa za mu ci bana?"

Dabo ya ɗaga hannu zai kwaɗa masa mari, sai iska ta kaɗa, zaren ya hau kuka, tsuntsayen suka watse.

Ya sauke hannun ya ce, "Ko a kabari Mati ya fi ka amfani."